Yara 84 da darasin zane: ta ina zan kama?

Mushen CE2:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi nan. Shekarata ta uku ke nan a aikin koyarwa, ɗan kontiragi ne ni, ina riƙe da CE2, wato aji huɗu na firamare, a wata lakol ta bakin gari a nan Damagaram, yara 84 a aji. Duk ranar da darasin zane ya zo abu ɗaya nake yi: in zana kofi ko tuta ko mangwaro a tablo, su kwafa, in bi in sa maki. Haka aka yi mini ina yaro, haka ni ma nake yi.

Makon jiya na ce kowa ya zana gidansu. Da na zauna duba takardun da dare sai jikina ya yi sanyi. Kusan dukansu gida iri ɗaya suka zana, mai rufi mai tsini da taga biyu, wasu har da bututu hayaƙi na fita. Akwai wata yarinya da na san gidansu sarai, soro ne na ƙasa mai zankwaye, da zaure, da indararo. Ita ma gidan littafi ta zana. Da safe na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Mushe, ai namu ba irin wanda ake zanawa ba ne."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Tambayata biyu ce. Yaya ake koyar da zane a aji irin nawa, babu fenti, babu takarda isasshiya? Sannan ni kaina, da ban iya zana komai ba sai kofi, ina zan je in ƙaru?

Tsohon Darakta:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka damu, da yawa ba su damu ba. Na fi shekara talatin da alli a hannu kafin in ajiye aiki, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Kada ka raina kwafa. Hannun yaro sai an horar da shi. Yaron magini ba ya farawa da zanen fuskar gida, shekaru yake yi yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali. Inda ka kuskure shi ne abin da kake ba su su kwafa. Kana ba su zanenka, maimakon ka ba su abin da kansa. Gobe ka aro tulu, ka ɗora shi a kan tebur, ka ƙara masa tsawo da bulo yadda na baya za su hango. Kada ka taɓa alli. Ka fara da tambaya. Ina ya fi faɗi? Wuyan ya kai rabin cikin? Kai da ke gaba kana ganin cikin bakinsa, kai na can baya fa? Sai sun gaji da amsawa sannan ka ce su zana. Idan ka tattara ka ga zane 84 duk iri ɗaya, to babu wanda ya dubi tulun. Wanda ke dama da wanda ke hagu ai ba tulu ɗaya suke gani ba.

Malamar Zango:
Baba Darakta, Allah ya ƙara girma, na yarda da maganar tulu. Amma ni a ganina ciwon da yarinyar nan ta nuna ya wuce na hannu. An riga an sa mata a rai cewa abin gidansu bai isa a sa shi a takarda ba. Tulu a kan tebur ba zai cire wannan ba.

Bara na fita da ƴan CM1 ɗina, ƴan aji biyar, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, muka tsaya gaban wani tsohon gida a nan Zango, irin masu ado a fuska. Na ce kowa ya zaɓi wuri ɗaya tak a jikin bangon, wanda bai wuce tafin hannu biyu ba, ya yi ta kallonsa. Da farko surutu suke yi. Can sai na hangi wani yaro, wanda a aji ba ya buɗe baki, ya ɗaga yatsa sama yana bin layin dagi a iska. Ya bi, ya bi, sai ya juyo da ƙarfi ya ce, "Madam, layi ɗaya ne! Yana hawa kan ɗan'uwansa, ya shige ƙasa, ya sake hawa, ya dawo inda ya fara!" Nan take sauran suka yi caa, kowa na son ya gwada. Muka durƙusa muka zana a rairayi da yatsa, aka share aka sake, aka share aka sake. Da muka koma aji suka yi a allon hannu, sai a mako na gaba na ba su takarda.

Mai gidan ma ya fito, dattijo ne, ya sa aka kawo mana ruwa. Shi ya bayyana musu cewa tun yaɓen yana ɗanye ake fitar da adon da hannu, kuma da makuba ake shafe bango don ruwan sama kada ya ci shi. Babu yaro ko ɗaya a cikinsu da ya san daga kwasfar ɗorawa ake samun makuba.

Ku duba fa. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. Tun 2006 Birni da fadar Sarkin Damagaram suke cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO. Baƙi na tahowa daga nesa su ɗauki hoton bangon da yaranmu ke jingina da shi suna cin gyaɗa, mu kuma muna koya musu gida mai bututun hayaƙi.

Baban Ƴan Biyu:
Ku yi haƙuri malamai, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, an sa ni a nan ne saboda ina cikin kwamitin iyaye. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ƴaƴana suna CE1, aji uku, har yau ɗaya ba ya iya karanta sunansa in ba a allonsa ya gani ba. A wannan hali za a kwashe su a tafi kallon bango? Wa ya taɓa cin jarrabawa da dagi? Lokacin nan a ƙara shi a kan karatu da lissafi mana.

Madam CI:
Alhaji, damuwarka tana kan hanya, kuma ni ce nake karɓar yaran tun ranar farko, don haka bari in amsa. Kafin yaro ya rubuta harafi ko ɗaya a CI, ajin farko, makonni muke yi muna jan layi: tsaye, kwance, karkatacce, da'ira, ƙugiya. Wannan zane ne, sunansa kawai aka canza. Yaron da ke rikita b da d, ko p da q, ba wai bai da ƙwaƙwalwa ba ne, idonsa ne bai saba rarrabe dama da hagu, sama da ƙasa a jikin siffa ba. Yaron da ya iya bin layin dagi ya gane inda ya hau da inda ya shige, b da d ba za su ba shi wahala kamar da ba. Ban ce zane zai koya masa karatu shi kaɗai ba, a'a. Amma ba kishiyar karatu ba ne.

Sannan Alhaji, dubi layinku na kasuwa. Telan da ke fitar da aska takwas a wuyan riga, badukun da ke yanka fata, mai walda da ke lanƙwasa ƙarfen ƙofa, mai rubuta allon shago, duk da ido da layi suke cin abinci. Ba duk yaran ajina ne za su kai BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ba, kai ma ka sani.

Baban Ƴan Biyu:
Madam, na ji wannan, kuma ban taɓa kallon abin ta nan ba. To amma ga inda takalmin ke matsa mana. Da an ce zane, sai yaro ya dawo gida da takarda: a sayo fensir mai kala, a sayo babban littafi, a sayo kaza. Mai yara shida a lakol ina zai sa kansa? In za ku yi, ku yi da abin da ba zai sa uba ya ɓuya wa ɗansa da safe ba.

Malam mai zayyana:
Salamu alaikum. Ni makarantar allo nake da ita a Birni, kuma ina yi wa masu sauka zayyana. Alhaji, maganarka ta sa na yi murmushi, domin mu ɗaruruwan shekaru muna rubutu da ado ba mu taɓa aika yaro gida ya karɓo kuɗin tawada ba.

Mushe, ga yadda za ka yi. Ka sayi ƙaro na dala ashirin, ka jiƙa shi a ruwa kaɗan ya kwana har ya narke. Ka samu gawayi mai laushi ka daka shi lilis, ka tankaɗe da tsumma, ko ka kankaro baƙin gindin tukunya, shi ya fi laushi ma. Ka haɗa da ruwan ƙaron kana motsawa, ka tace. Ka gwada a takarda. In ya bushe ka shafa yatsa ya goge, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ƙaro ya yi yawa, ƙara ruwa. Alƙalami kuwa kara ne, ka fiƙe shi, ka ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada. Almajirina ɗan shekara tara yana fiƙe goma kafin ka sha shayi.

Zayyana kuma ba a fara ta da ado. Da awo ake farawa. Ka raba allo gida-gida, ka nemo tsakiya, ka buga da'ira, abin da ka sa a dama ka mayar da shi a hagu daidai. Na taɓa leƙa littafin lissafin wani jikana ɗan CM2, aji shida, na ga ana koya musu wannan abin da sunan Faransanci, yana ta wahala, alhali kullum a gabansa nake yi. In kana so ka zo ranar Alhamis, ba mu da karatu, in nuna maka. Ba sai ka kawo komai ba.

Ɗan'uwa daga Sabon Gari:
Ina neman afuwa, amma akwai abin da kowa ke kewayewa. Hadisai ingantattu sun zo da gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surar abu mai rai. Yaya za a ɗauki yaran Musulmi a zaunar da su ana koya musu zana mutum da dabba? Ni ɗana na hana shi, kuma na gaya wa malaminsu.

Malam mai zayyana:
Ɗan'uwa, ba ka faɗi ƙarya ba, hadisan suna cikin Buhari da Muslim, babu mai musun su. A cikin Buharin kuma akwai labarin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin sura yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa mafita: ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Haka kuma ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴar tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga nan malamai suka yi saɓani a kan abin wasan yara, da zanen da ba shi da inuwa, da wanda ake yi don koyarwa. Ni ba zan yanke hukunci a nan ba, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Abin da zan ce wa malaman boko shi ne, kada ku tilasta wa yaron da ubansa ya hana, kada kuma ku rage masa maki. Filin da ya rage yana da faɗi ƙwarai. Gida, kuka, giginya, duwatsun Birni, faifai, ƙwarya, hula, harafi. Ni shekara arba'in ina ado ban zana ko ƙuda ba, kuma har yau ban ƙure ba.

Ɗan'uwa daga Sabon Gari:
In dai haka ne, Malam, ba ni da ja. Abin da ba na so shi ne a mayar da ɗana abin dariya a aji don ya ce ba zai zana doki ba. An taɓa yi masa.

Malamar Zango:
Wannan kam bai dace ba, Allah ya ba shi haƙuri. Ni abin da nake yi, duk aikin da na bayar ina ba da zaɓi biyu, ɗaya babu mai rai a ciki, kuma ba na tambayar yaro dalilin zaɓinsa.

Malamar kimiyya a CEG (ƙaramar sakandare):
Bari in ƙara a kan tawadar Malam, don yara suna son kala. Ku dafa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri sosai, ku raba shi gwangwani uku. Na farko ku bar shi yadda yake. Na biyu ku matsa lemun tsami, zai ƙara haske ya yi ja wur. Na uku ku jefa ɗan ƙullin kanwa, a gaban idonsu zai juye ya yi duhu, shuɗi-shuɗi mai karkata zuwa kore. Ranar da na fara yi wa ƴan ajina, wata yarinya har ta ja da baya ta ce sihiri ne. Ni kuma da shi nake shiga darasin tsami da kishiyarsa, tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Jar ƙasa da farar ƙasa in an tankaɗe an sa ƙaro suna kama takarda da kyau. Gangamau yana ba da rawaya. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, yana nan a kasuwa. Buroshi kuwa, a tauna bakin asuwaki ya yi gashi, shi ke nan. Takarda: kwalin sukari, kwalin sabulu a juya cikinsa, takardar buhun siminti a kakkaɓe. Sai dai ku sani kalar zoɓo ba ta jure rana, in kun manna a bango inda haske ke bugawa za ta koɗe. Kuma da yake mun san halin ruwa a garin nan, ku raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni gwangwani ɗaya na wanke buroshi, kada ku ce kowa ya zo da nasa.

Mushe daga Mirya:
Kowa ya amsa tambayar farko, an bar ta biyu, alhali ita ce ta fi nauyi. Ƙanena ya ce ina zai je ya ƙaru. Zan ba shi labarin kaina.

Shekarata tara ina koyarwa a nan Mirya, garin da kowa ya san shi da tukwane, kilomita 18 kawai daga Damagaram, amma ban taɓa taɓa yumɓu ba. A lokacin APP, darasin aikin hannu, sai in sa yara shara. Wani dogon hutu na ɗaure na sayi goro na tafi wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane a unguwarmu, na ce Inna, so nake ki koya mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini turmi da tarin tsingaro ta ce in daka. Kwana uku ina dakan fasassun tukwane, ba ta ce mini uffan ba. A rana ta huɗu ta sa na zuba garin a cikin yumɓu na taka da ƙafa. Sai da na tambaya sannan ta ce, in babu shi tukunya ba ta jure wuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take gyara kuskure. Ba ta cewa ka ɓata. Sai ta kama hannuna ta ɗora a jikin tata tukunyar, ta ciki da ta waje, in ji kaurin bangon tsakanin yatsuna, sannan ta mayar da hannun kan tawa. Nan da nan sai in ji inda tawa ta yi kauri, inda ta yi siriri. Tukunyata ta farko ta tsage domin na shanya ta a rana don gaggawa. Ta ɗauke ta ta jefa cikin tarin tsingaro, ta ce gobe za ta shiga cikin wata.

Na sha magana, ba zan ɓoye ba. Har cikin abokan aiki akwai masu cewa mushe guda ya zauna cikin mata yana kwaɓa laka. Amma tun daga lokacin koyarwata ta canza, har a lissafi. Na rage cewa "ba daidai ba ne", na koma ajiye na daidai kusa da na yaron in ce ya duba da kansa.

Don haka ƙanena, malamanka suna nan kewaye da kai. Malam ya riga ya buɗe maka ƙofa. Akwai magina, akwai dukawa, akwai masu sassaƙar ƙwarya, akwai mata masu saƙar faifai da masu zanen lalle. Ka je da ladabi, ka je a matsayin ɗalibi, kuma kada ka je hannu rabbana. In ka gayyato su aji, a samu abin da za a ba su ko daga asusun kwamitin makaranta ne, domin ranar aikinsu ka ci.

Mai ba malamai shawara:
Madalla da wannan. Ni aikina zagaya makarantu ne, kuma zan faɗi gaskiya, da wuya in tarar da darasin zane ana yin sa da gaske. Yawanci shi ne lokacin da malami ke cike rajista. Laifin ba na malamai kaɗai ba ne, mu ma da ke tsara taron CAPED, inda malamai ke ƙara wa juna sani, kusan kullum Faransanci da lissafi muke sawa a gaba. Amma ajandar ba daga sama take saukowa ba. In malamai uku suka nemi a sa zane a zama na gaba, ɗaya ya yi darasin gwaji da yara a gaban sauran, za a sa. Malamar Zango, ke ya kamata ki fara.

Mushen CE2, ka samu ƙaramin littafi wanda ba na kowa ba sai kai. Kullum minti goma, ka zana abin da ke gabanka, butar alwala, takalminka, hannunka na hagu. Kada ka yaga shafi ko ɗaya, ka sa kwanan wata. Yara ma ka ajiye musu zanen Oktoba, ka fito da shi a Yuni ka ajiye kusa da sabo. Ba su kaɗai za su ga tafiyar da aka yi ba, kai ma a nan za ka ga aikinka.

Kuma ku riƙa ba yara labarin namu. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, da zanen hannu ya fara, yana haska hotunan da ya zana wa mutane da fitila, har ya zama cikin na farko da suka yi fim na zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara, da kwaɗin nan da ya zana a fim ɗinsa. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita 5. Wanda hanya ta kai shi Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, ya zauna wurin masu sana'ar hannu da ke aiki a ciki. Ba zan yaudare ka in ce wannan zai ƙara maka ko dala a kuɗin wata ba. Ba zai ƙara ba.

Malama a ƙauye:
Ina karanta ku tun ɗazu, raina yana daɗi yana kuma ɓaci. Ku kuna maganar manna zane a bango. Ni ajina rumfar zana ce, babu bango, babu ƙofa, yara a ƙasa suke zaune, in iska ta taso har tablo sai mun riƙe. Abin da na bari a aji da yamma, da safe awaki sun gama da shi. Tun gobarar da ta cinye yara a ajin zana a Maraɗi a 2021 ba na yarda a tara takarda ko kwali a ciki. Nan babu gidan ado, babu mai zayyana, kuɗin wata kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ina son abin nan har zuciyata, tun ina yarinya nake zanen lalle. Amma ku faɗa mini ta ina zan fara.

Malamar Zango:
Ƙanwata, kin yi gaskiya, mun yi magana kamar kowa a gari yake. Ba ni da maganin zana da awaki. Amma kin ce kina zanen lalle, to kin fi yawancinmu hannu. Kuma ƙauyenku ba zai rasa faifai da ƙwarya da tabarma ba. Ki ce kowace yarinya ta aro faifan uwarta na rabin yini, ku zauna ku ƙirga zagayen, ku ga inda kala ke canzawa. Ku share fili a inuwa, kowa ya ja gidansa a rairayi ya zana a ciki, ki zagaya ki ɗauka da waya kafin a tashi. In kin shigo gari ki neme ni, ina da kwalaye da na tara da ƙaro, kuma akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe da ba na amfani da ita, sai ki ajiye a gidan da kike kwana.

Malama a ƙauye:
Na gode Yaya, Allah ya bar zumunci. Zan zo ƙarshen wata in Allah ya yarda. Faifan kam gobe ma zan gwada.

Tsohon Darakta:
Saura magana ɗaya da ba a taɓa ba, maki. Na ji ana cewa kada a ce wa yaro ya ɓata. To ranar jarrabawar aji me za a rubuta? Dole a sa lamba, kuma wanda ya fi iyawa dole ya fi samu, in ba haka ba an zalunce shi.

Malamar Zango:
Baba, lamba kam dole ce, amma a kan me? In a kan kyau ne kawai, yara biyar ɗin nan da Allah ya ba hannu su za su yi ta cinyewa, sauran su yanke ƙauna tun a CE1 su ce ba su iya ba. Ni kafin a fara nake faɗa musu abin da zan duba: ka cika takardar ko ka maƙale a lungu, akwai abin da ka gani a jikin abin wanda ba kowa ya lura da shi ba, ka gama ko ka watsar a rabi. Mai hannu yana iya samun duka, amma wanda hannunsa ke rawa shi ma yana da hanyar kaiwa.

Tsohon Darakta:
Ban gamsu duka ba ƴata. Tsabtar layi ma abin dubawa ce, kada a jefar da ita. Amma faɗa musu tun kafin a fara, wannan na yarda da shi, ni ban yi haka ba a zamanina.

Mushen CE2:
Iyayena, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Na je wurin Malam ranar Alhamis, na wuni, na dawo da kwalbar tawada da na haɗa da hannuna da alƙaluma goma sha biyu. Allah ya saka masa da alheri.

Na yi darasin tulu kamar yadda Baba ya ce. Gaskiya rabin ajin sun zana tulun da ke cikin kansu ne, ba na kan tebur ba, kuma hayaniya ta yi yawa har aka leƙo daga ajin kusa. Tawada ta zube a riguna biyu, wata uwa ta zo da safe ranta a ɓace, na ba ta haƙuri. Na gane ba zan iya ba yara 84 tawada a lokaci ɗaya ba, sai dai rukuni ɗaya ya yi da tawada, sauran da alli, a riƙa juyawa.

Amma akwai wani yaro da ke zaune can gefe wajen taga, ya zana tulun da ɗan guntun da ya ɓalle a bakinsa. Ni kaina ban lura da ɓallin ba sai da na je na tsaya inda yake zaune. Yarinyar nan kuma na ce ta je ta zauna a ƙofar gidansu ta sake zanawa. Ta kawo jiya a bayan kwalin sukari. Zankwaye huɗu, ɗaya ya karye, indararo, da akuya ɗaure a gindin bango. Ta tambaye ni ko a sa taga, na ce akwai taga a wajen? Ta ce babu. Na ce to bar shi.

Malam ya ce ranar Asabar da hantsi zai kai ni wurin wani tsohon magini a Birni da har yanzu yake fitar da ado a yaɓe. Ya ce in akwai masu so su zo, amma kada mu wuce mutum shida don zauren ƙarami ne.

Malamar Zango:
A sa ni. Zan zo da goro.

Mushe daga Mirya:
Ni ma ina ciki in na samu mota da wuri. Zan taho da yumɓu a buhu, wanda aka riga aka haɗa da tsingaro, kowa ya ɗiba ya kai ajinsa. A ina za a haɗu, ƙofar fada ko wajen masallaci?